Ba a Haɗa Tagwaye a Allo Ɗaya

Tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Malam, bakinsa ya karkace, sai ya yi wa magana yaji. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara mata zama, shi ne yanzu yake nuna kofi da haɓa. Likita bai ɓoye wa Auta komai ba. Ya ce harshen bai mutu ba, nauyi ya yi, amma in aka bar shi kwance cikin 'yan watannin nan, to ya kwanta ke nan har abada.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, ita ma malamar makaranta ce, kuma taurin kai a wurinsa ta gaje shi kaf. Ta san abin da ya rufe masa baki. A asibiti ya gwada kiran sunanta, kalmar ta fito a murguɗe, yawu ya biyo ta, wata ma'aikaciya ta ce, "Ayya, sannu Baba," da muryar da ake yi wa jariri. Malam fa! Daga nan ko tari sai ya juya wa mutane baya yake yi.

"Ki ƙyale Yaya haka nan," in ji Gwaggo, ƙanwarsa. "Ya yi surutun da zai ishe shi har ƙarshen duniya. Mu ma kunnuwanmu sun huta." Tana faɗa tana goge ido da bakin mayafi.

Auta ba ta ƙyale shi ba. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi. Da duk suka ƙi ci, sai ta koma dabara: ta riƙa karanta masa jaridar Turanci tana kwafsawa da gangan, ko zai tanka. Ina! Kallonta kawai yake yi da idon nan nasa, ɓangaren bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa, ya mai da fuska bango. Shi ya koyar da ita, ya san kuskuren da za ta iya yi da wanda ba za ta iya ba. Abin ya ƙona mata rai ba kaɗan ba.

Ana cikin haka sai Mai Ɗinki, maƙwabciyarsu, ta zo da buƙata. Wani kamfanin tufafi zai ɗauki ma'aikata, amma sai an ci jarrabawar Turanci, ita kuwa nata Turancin ya yi tsatsa tun barinta makaranta. Auta ba ta iya barin Malam shi kaɗai, don haka ta jingina ƙaramin allo a baranda, kusa da kujerarsa, suka riƙa karatu da hantsi.

Ran da abin ya faru Auta ba ta ƙulla komai ba, gajiya ce ma fal a jikinta. Ta buɗe littafi, ta tarar da jerin kalmomin nan masu kama da juna a rubuce, ma'ana kuwa kowace da inda ta nufa. Ta kwafi biyu a allo, kafaɗa da kafaɗa: lose da loose.

"Ta farko rasa abu ke nan," ta ce. "Ta biyu kuwa abin da ya yi sako-sako, kamar rigar da ta yi wa mutum yawa."

Mai Ɗinki ta ƙura wa allon ido. "Malama, wallahi kamar ni da ƙanwata a hoto. Wacce ce ta rigar ma?"

Aka sake bayani. Aka tambaye ta, ta juya su. Aka kuma sakewa, ta kuma juyawa, har gumi ya keto mata. Auta ta ja layi a tsakaninsu ta ce ta haddace kawai.

Sai suka ji ƙwas! Sandar Malam ce ta bugi ƙafar kujera. Auta ta waiwaya. Fuskarsa ta yi murtuk, yana nuna allon da sanda.

Nan take ta tuna. Ai wannan shi ne abin da ya yi ta rigima da 'yan'uwansa malamai a kai shekara da shekaru. Tagwaye yake kiran irin waɗannan kalmomi, kuma dokarsa ita ce ba a nuna wa ɗalibi tagwaye rana ɗaya, ko a wuri ɗaya. Tana ƙarama, ɗaya a kicin yake koya mata, da abin a hannunta, sai ta zauna daram sannan ya kai ta bakin ƙofa wata rana ya nuna mata 'yar'uwar. Littattafan makaranta ne suka mantar da ita. Wannan kuskuren na gaske ne, shi ya sa ya ci masa rai.

Hannunta har ya kai kan tsumman goge allo. Sai ta janye shi. Ta juya masa baya, ta ɗauki alli, ta rubuta wasu tagwayen a ƙasan na farko.

Ƙwas! Ƙwas!

"Malama, Baba na kira," in ji Mai Ɗinki a hankali.

"Ni ban ji ya kira ba. Ke kin ji ya ce wani abu?"

Gwaggo ta fito daga ɗaki da sauri. "Ke Auta, ba ki da tausayi ne? Dubi yadda jikinsa ke ɓari!"

Ta gani sarai, ta gefen ido. Zuciyarta kamar ta tsage. Amma ta dake, ta cije leɓe, ta fara rubuta na uku.

"Ra... ba... su."

Muryar ta fito a shaƙe, a karkace, yawu ya gangaro gefen haɓarsa. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi sannu, Auta ta watsa mata wani kallo, Gwaggo ta haɗiye abarta. Auta ta juyo ta fuskanci Malam kamar yadda malami ke fuskantar malami.

"Don me zan raba su, Baba? Haka littafin ya jera su."

Ya yi ta kokawa da harshen har jijiyar wuyansa ta miƙe. Ba wanda ya taya shi.

"Littafin... banza."

Mai Ɗinki ta fashe da dariya, ta yi maza ta toshe baki. Auta ta goge allon tas. Malam ya nuna tsakar gida da sanda, wannan karon kuwa ya haɗa da baki: "Famfo."

Suka kama shi su biyu, Gwaggo na biye da kujera tana mitar an mai da ita 'yar dako. Kan famfon gidan ya daɗe da kwancewa, sai lilo yake yi. Malam ya sa Mai Ɗinki ta kama shi ta girgiza, ya faɗi kalmar sako-sakon, a murguɗe dai, amma ta fito. Ta maimaita tana girgizawa, ya gyaɗa kai.

"To ɗayar fa, Baba?" ta tambaya.

"Jibi."

Ya goge haɓarsa da hannun mai lafiya, a gaban kowa, bai juya baya ba. Sannan ya ɗago ya dubi 'yarsa.

"Auta. Ke ma... ki zo. Kin manta."

"To, Malam," ta ce. Ta sunkuya ta buɗe famfon tana wanke allin hannunta, ta daɗe a sunkuye, ruwa na zuba.