Giya Ta Biyu a Gulbin Gidan Illo

Tun kafin su bar gari Is'haƙa ya gane cewa wannan mota ba irin waɗanda ya sani ba ce. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan manyan motocin hatsi da albasa tsakanin Sabon Birni da Shinkafi, kuma a wannan sana'a kunne ke gaya wa mutum lokacin canza giya: da zarar inji ya ɗaga murya, sai ka taka kuloci ka ƙara masa, ya huta. Ita kuwa wannan jar mota mai kujera biyu, wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa, idan ya ƙara mata giya da wuri sai jikinta ya mutu, ta riƙa shessheƙa. Ƙarfinta yana can sama, inda take kururuwa.

Motar ba tasa ba ce. Nasiruddeen, ɗan ƙanensa mai shigo da motoci ta Maraɗi, shi ya ajiye ta a gidansa lulluɓe da tamfol, kafin mai saye ya zo daga Sakkwato. Is'haƙa bai taɓa ko tayar da ita ba sai yau, da aka shigo da Hajo a kan amalanke bayan azahar, kububuwa ta sare ta a diddige tana roron wake. Masu babura duk sun tafi kasuwa, waya kuma babu sabis. Maganin dafi sai asibitin Isa.

Hajo ɗiyar gwaggonsa ce, tobashiyarsa. Ta girme shi, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da ta tsokane shi ba. Yanzu tana kishingiɗe a gefensa, ƙafar da ta kumbura har gwiwa tana miƙe a kan ƙunshin zannuwa.

"Wai wagga mota ce ko makara?" ta ce. "An kwantar da ni ƙasa tun ban mutu ba."

"Yi shiru, tsohuwa, ki adana numfashinki."

"Kai dai ka adana tuƙinka, direban albasa. Ina jin ta tana tari tun ɗazu."

Gaskiyarta ce. Don haka da suka fita kan burtali sai ya mayar da motar giya ta biyu, ya danna totur, ya ƙyale ta. Nan take ta zabura, ƙararta ta tashi siririya mai kaifi, tana rarrabuwa tana haɗuwa. A bakin wata gonar dawa, wata Bafulatana da ke tafe da ƙwaryar nono a ka ta waiga, ta saki ƙwaryar, ta faɗa cikin dawa da gudu. Ya hango nonon yana malala a ƙasa ta cikin madubi.

Ya yi sauri ya ƙara giya, ƙarar ta kwanta. Ya fahimci abin da matar ta ji. A wannan yanki babu yaro babu babba wanda bai san kukan babura masu yawa tafe tare ba, da abin da ke biyo bayansa. Motar nan, idan aka bar ta a ƙaramar giya, muryarta ita ce muryar mahara.

Daga nan ya yi ta lallaɓa ta a giya ta uku, tana tari yana haƙuri da ita, amma zuciyarsa ta riga ta kai gulbi. Hanya ɗaya ce, kuma dole ta ratsa gulbin da ruwansa ya janye ya bar rairayi mai faɗi. A ƙetare, kan gaɓa, Gidan Illo yake. An shiga garin bayan damina, an kore shanu, an tafi da mutane, waɗansu har yau ba su dawo ba. Tun daga lokacin suke ajiye 'yan sa-kai a gindin bishiyoyin bakin gulbi da bindigogin toka. Is'haƙa ya je musu jaje, ya ga yadda mata ke kwana da goyo a baya da takalma a ƙafa.

Rairayi kuma ba ya son a canza giya a tsakiyarsa. Duk direba ya san haka. Da ka taka kuloci, taya ta rasa ƙarfi, mota ta nutse. Giyar da ka shiga da ita, da ita za ka fita.

Da suka iso bakin gangara sai ya tsaya. Rana ta karkata, rairayin na ƙyalli. Daga ƙetare yana iya jin dakan turmi, yana ganin hayaƙin girki yana tashi a hankali. Ya yi tunanin ya sauka ya taka da ƙafa, ya gaya musu ko shi wane ne, sannan ya dawo. Ya auna nisan da ido, ya auna gwiwoyinsa, ya juya ya dubi Hajo.

Ta tofa yawu a gefen mayafinta tana ƙoƙarin ɓoyewa. Ja ne. Jini na tsattsafowa ta dasashinta, har ma ta wani tsohon tabo a hannunta da ya daɗe da warkewa.

"Mi kaka jira?" ta ce. Muryarta ta yi ƙasa.

"In na shiga da ƙarfi, mutanen can za su ce an zo musu."

"In ka shiga a hankali hwa?"

"Mu kafe."

Ta kalli hayaƙin ƙetare. "Akwai masu ciki garin nan," ta ce. "Akwai tsohhi da sunka hi ni tsuhwa." Ta lumshe ido. "Ni dai ban ce maka komi ba, Is'haƙa. Kar ka ce ni nac ce."

Ba ta taɓa kiran sunansa kai tsaye ba sai idan magana ta yi nauyi. Ya so a ce ta umarce shi, ko ta hana shi, ya samu wanda zai raba kayan da shi. Ta bar masa su duka.

Ya yi bisimilla, ya saka giya ta ɗaya, motar ta gangara. Kafin tayoyin gaba su taɓa rairayi ya jefa ta ta biyu, ya danne totur.

Ƙarar da ta tashi ta wuce ta ɗazu. Gaɓoɓin gulbin suka kama ta suka mayar, har shi kansa da ke riƙe da sitiyari ya ji kamar ayari ne ke biye da shi. Bayan motar na wutsil-wutsil, rairayi na tashi ta kowane gefe, cikinta na gurzar ƙasa. Ya danna hon da tafin hannu ko za su gane mota ce, amma ɗan kukan hon ɗin ya ɓace a cikin na inji. Allurar awon injin da ke gabansa ta haura tana neman jan layi.

Dakan turmi ya tsaya. Ya hango mutanen garin a kan gaɓa, ƙanana, suna watsewa. Wata mace ta fizgi yaro da hannu ɗaya, ƙafafunsa na reto. Wani tsoho ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Awaki suka tsinke igiya.

Hannunsa ya kai kan giya ba da saninsa ba. Duk abin da ya koya a rayuwarsa yana ce masa ya ƙara mata, ta yi shiru, mutanen nan su tsaya su waiga. Ƙafarsa ta hagu ta taɓa kuloci, ta ɗan danna. Nan take motar ta yi nauyi, hancinta ya sunkuya, ya ji rairayi ya kama ta. Kan Hajo ya gangaro ya bugi kafaɗarsa, bai kuma ji ta yi ƙorafi ba.

Ya ɗauke ƙafar. Ya mayar da hannunsa kan sitiyari, ya riƙe da duka biyun, ya take totur har ƙasa.

Daga gindin wata tsamiya hayaƙi ya tashi, bindiga ta yi tsawa. Wani abu ya watsu a jikin ƙofa kamar an jefa tsakuwa. Bai waiga ba. Idonsa na kan wurin da rairayi ya ƙare, jar ƙasa ta fara. Sai da ya ji tayoyin baya sun ciji tauri, motar ta yi tsalle ta hau gaɓa, sannan ya taka kuloci ya saka ta uku, ya bi ta da ta huɗu. Ƙarar ta kwanta.

Suka ratsa Gidan Illo babu kowa. Tukwane na tafasa a kan murhu, taɓarya na kwance a tsakiyar hanya, buta ta kife ruwanta na bin ƙasa. Ya sauke gilashi ya yi kira: "Marar lafiya ce! Ku dawo!" Babu wanda ya amsa, shi kuma bai tsaya ba.

A asibitin Isa aka ɗauke Hajo a kan gado mai taya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo aka nemi jijiya da ƙyar, aka ɗaura ruwa, aka zuba maganin a ciki. Ma'aikaciyar jinyar ta ce da an ƙara jinkiri da ba ta san abin da za ta gaya masa ba, amma yanzu akwai fata. Can Hajo ta buɗe ido, ta neme shi.

"Ashe ka iya," ta ce. "Da na ce albasa kaɗai kaka kaiwa kasuwa da rai."

Ya gyara mata mayafinta. Ya fita ya yi sallar la'asar da ta kusa kuɓuce masa, ya zauna a kan dakali kusa da motar, yana kallon ƙananan ramukan da harsashi ya bari a ƙofar.

Gab da magariba wani babur ya shigo, mutum biyu sun saka wata tsohuwa a tsakiya. Tana nishi, ƙafarta ɗaya na lilo ta inda bai kamata ba. Bayan an shiga da ita, ɗaya daga cikinsu ya fito yana share zufa. Is'haƙa ya san shi: Dalhatu, mai gyaran rijiya a Gidan Illo. Jama'a suka kewaye shi.

"Sun sake zowa," Dalhatu ke cewa. "Babura ba iyaka. Inna ta hwaɗa rami wajen gudu. Sauran mutane na cikin daji, ba wanda za ya kwana gida yau."

"Kun gan su?" wani ya tambaya.

"Wa za ya tsaya gani? Mun dai ji su."

Is'haƙa ya miƙe. Ya ratsa mutane har gabansa.

"Malam Dalhatu, ba mahara ba ne. Ni ne, da wagga mota. Maciji ya sari 'yar'uwata."

Dalhatu ya dube shi, ya dubi motar. "Mota guda?"

"Guda."

"Tashe ta in jiya."

Is'haƙa ya shiga ya murɗa makulli, ya ɗan taɓa totur. Kafin ƙarar ta kai rabin ta ɗazu, wata mata mai sayar da ƙosai a bakin ƙofar asibiti ta miƙe tsaye da matsami a hannu. Ya ɗauke ƙafarsa da sauri.

Dalhatu ya sake share zufa. Ya waiga wajen ɗakin da aka shigar da uwarsa, ya sake juyowa.

"Ita 'yar'uwar taka?"

"Tana numfashi."

"To, alhamdu lillahi." Bai kalle shi ba da ya faɗi haka. "Akwai jarirai cikin daji, Alhaji, ga duhu na zowa. Ba su fitowa sai sun ji muryar wanda sunka sani."

"Za ni kai ka."

Dalhatu ya zagaya ya buɗe ƙofar da harsashi ya huda, ya sunkuya ya shiga da ƙyar. "In mun kusa gari ka kashe ta, mu ƙarasa da ƙahwa," ya ce.

Is'haƙa ya saka ta ɗaya, kafin su fita ƙofar asibiti ya riga ya kai ta ta uku. Motar ta fara tari, ya bar ta tana yi.