Waƙar Talibambam

"Kada wanda ya sake dafa min kifi a cikin waƙa!" Malama Torika ta daki tebur.

Tun safe take fama da 'yan aji uku na makarantar ƙauyensu a tsibirin Kadavu. Ta ce su rubuta waƙa a kan halittun teku, amma duk wanda ya fara da yabon ƙaguwa sai ya ƙare da madarar kwakwa da rogo. Ga shi yau Fasto Waisale, shugaban kwamitin makarantar, zai zo sauraro. Shi zai yanke ko a bar ta a aikin, ko ta koma Suva, babban birnin ƙasar, zaman kashe wando.

"To Malama, me ake yi da kifi in ba ci ba?" in ji Jekope, ɗan masunci.

"A kalle shi! Yaya yake tafiya? Da wa ya yi kama?"

"Ko da mutum ne?" wata 'yar firit mai suna Unaisi ta tambaya.

"Ko da aljani ne. Ku dai rubuta."

Da hantsi Fasto ya shigo, tumbinsa na yi masa jagora. Ya cika kujerar Malama, ya nuna Unaisi da yatsa. Ta miƙe ta gyara murya, ta fara karanta waƙarta a kan kifin nan mai kumbura:

"Talibambam, sarkin tumbi,
Ana taɓa ka, ka kumbura.
In an sauke tukunya kai ne a gaba,
Ƙananan kifi kuwa ka ce su yi haƙuri."

Idon kowane yaro ya sauka a kan cikin Fasto. Torika ta fara tunanin ranar da jirgin Suva yake tashi.

Fasto ya ja numfashi, ya kumbura. Sai ya fashe da dariya yana dukan cinya.

"Kai! Wannan ai mai gari ne sak! Har tumbin! Malama, kin iya aikinki, muna tare. Ranar Lahadi yarinyar nan ta karanta a coci, yana zaune a kujerar gaba."

Unaisi ta ɓata fuska. "Amma Fasto, ai ba mai gari nake..."

Torika ta toshe mata baki da tafin hannu.

"Za ta karanta, Fasto," ta ce.

Ba ta ɗauke hannun ba sai da ya fice daga harabar makarantar.