Taken Maharazu a Filin Illela

"Da dama, na ce maka! Da dama!"

Inna Ramatu ta kai wa Abu ludayi a gwiwar hannu. Ya yi sauri ya mayar da gatarin hannun dama, ya ci gaba da faskare kamar mai koyo, sara ɗaya a itace, ɗaya a ƙasa. Ta waiwaya hagu da dama. Ba wanda ya lura. Kasuwar Illela ta cika, kowa da abin da ya dame shi.

To, bari in gaya muku tun yanzu, sunansa ba Abu ba ne. Maharazu ne, Bahagon Ƙonni, ɗan damben da ya kwantar da maza tun daga Dogon Dutsi har Madawa. A shekarar nan Turawa na can suna yaƙi da Jamus, Faransawan da ke riƙe da Ƙonni kuma suna kwasar majiya ƙarfi su kai su soja. Wa zai ga ƙirjin Maharazu ya wuce? Aka rubuta sunansa. Shi kuwa ya tsallako iyaka da ƙafa, ya faɗo gidan Inna Ramatu mai tuwo, don ita ce ta sha zuwa Ƙonni kallon wasansa, har ta taɓa ɗora masa zane a kafaɗa. Wata biyu ke nan yana yi mata faskare da ɗiban ruwa. Ta aske masa tukkunsa, ta sa masa riga mai dogon hannu don ta rufe tsagar magani da ke damtsensa na hagu. Turawan da ke riƙe da Illela kuwa bakinsu ɗaya da Faransawan a yaƙin, duk wanda aka gane ya gudo, mayar da shi ake yi a ɗaure.

Wannan duk bai fi ci wa Inna Ramatu rai ba kamar bakin mutanen Illela.

Shekara uku tana musu ɗaya a rumfarta. Ita dai ta ce ranar da aka haɗa Maharazu da Attahiru, Shagon Illela, a turmi na biyu, wato zagaye na biyu na karon, za a kwashe Attahiru daga ƙasa. Ta faɗa wa mahauta, ta faɗa wa fatake, ta faɗa wa Attahirun kansa yana cin tuwonta. Sau biyu Sarkin Fawa na shirya karon, sau biyu yana wargajewa, na farko kan rigar da za a ba wanda ya yi kisa, na biyu kan filin da za a yi. Yanzu ga kaka ta yi, an ɗaure dawa, yau za a buɗe dambe bayan la'asar, labari kuma ya cika gari cewa Maharazu ya ɓace.

Mukhtari mai goro ne ya fara isowa, kamar kullum. Ya ajiye huhunsa ya zauna a kan turmin da ta kifa.

"Inna, ina kwana? Ina labarin shagonki?"

"Ka zo cin tuwo ko ka zo cin raina?"

"Duka biyu," in ji Mukhtari. "An ce tun da ya ji Attahiru ya sake sabon zare, ya shige daji. Wasu sun ce sun gan shi Agadas yana kiwon raƙumma."

Mahauta biyu da ke gefe suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Ai damben Ƙonni duk kirari na. Su wa ya kashe? Manoma da sunka gaji da huɗa."

"Kai rufe baki," in ji Inna Ramatu. "Attahirun naku fa? Shekara biyu bai kara da kowa ba sai yara masu neman suna. Ya zaɓi wanda zai buga, ya karɓi riga, ya koma ya zauna. Wanga shi na dambe? A zamanin ubanku mutum bai tambayar mi za a ba shi, sai ya tashi daga ƙasa."

"Mun ji. Amma namu yana nan, ana ganinai. Naki fa?"

Nan ta tsaya. Amsar tana bakinta, ga ta can tsaye taku biyar daga inda suke, tana saran itace da hannun da ba nata ba. Inna Ramatu ta danna muciya cikin tukunya da ƙarfi har tuwo ya fallatso mata a hannu. Ba ta ko ce wash ba.

Mukhtari ya juya wajen mai faskare. "Kai Abu, kai da ka fito daga arewa, ka taɓa ganin Bahagon nan?"

Gatari ya tsaya a sama. "Sau ɗaya," in ji Maharazu.

"Yaya shi ke?"

"Mutum na, kamar kowa."

"Kin ji ko? Ko baranki bai yarda da shi ba!"

Da azahar wani baƙo ya zo ya sayi tuwo. Doguwar riga gare shi irin ta fatake, amma Inna Ramatu ta daɗe tana kallon ƙafafun mutane daga bakin murhu. Ƙafar wannan ta saba da takalmin soja, yatsun a matse, dunduniya ba faso. Ya ci kaɗan, ya tambayi inda Idi makaɗi yake. Ta nuna masa da haɓa. Tana kallo ya je ya tsuguna gaban Idi, ya zaro sabuwar hula ja daga aljihu ya ajiye masa a kan kalangu.

Ta gane.

Ku da ba ku tashi cikin dambe ba, sai na yi muku bayani. Kowane gwani yana da takensa, kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai. In ya ji shi, ba shi ke da jikinsa ba. Tsuma ke kama shi, ya miƙe, ya ɗaga hannu ya yi kirari, ko da kuwa yana kan tabarmar jinya. Mutanen Kwamandan Faransawa na Ƙonni sun san haka sarai, ai su ma da kalangu aka yaye su. Ba sai sun bi gida gida ba. Su sa a kaɗa, su tsaya su ga wanda zai tashi.

Ta ja Maharazu bayan rumfa. "Ka tafi Garu yanzu. Ka ce na aike ka sayen kuka."

"Akwai mutanensu biyu zaune bakin hanyar Garu tun hantsi, Inna. Na gan su. Duk namijin da ya bar gari ran dambe, shi za su bi."

"To ka toshe kunnuwanka."

Ya yi wani murmushi da bai kai ido ba. "Ba da kunne a ke jin shi ba."

La'asar ta yi, aka share fili a gabas da kasuwa, jama'a suka yi da'ira. Inna Ramatu ta kafa tukwanenta inda ta saba, kusa da makaɗa, don in ta ƙi zuwa yau gari duka zai tambayi dalili. Yara suka fara, sannan matasa. Aka yi kisa biyu masu kyau, wani ɗan Darna ya dafa ƙasa da hannu ya tashi yana rantsuwa santsi ne. 'Yan kallo na ta gardama, wannan ya ce alƙali ya raba da wuri, wancan ya ce an haɗa rago da rago don kada na Sarkin Fawa ya sha ƙasa. A wata rana da muryar Inna Ramatu ta fi ta kowa. Yau ko tari ba ta yi ba.

Attahiru na zaune a kan buzu, hannunsa na dama naɗe da zare, ba wanda ya fito masa.

Sai Idi ya gyara sabuwar hularsa, ya matse kalangu a hammata, ya saki wani kiɗa da ba a taɓa yi a filin Illela ba.

Wurin ya yi tsit, sannan ya ɓarke. "Taken Bahago! Taken Bahago na!" Mutane suka shiga waige-waige. Baƙon nan mai matsattsun yatsu yana tsaye bayan makaɗa, shi ba fili yake kallo ba, fuskoki yake bi ɗaya bayan ɗaya.

Inna Ramatu ta dubi Maharazu. Yana tsugune yana iza wuta, amma itacen da ke hannunsa rawa yake yi. Jijiyar wuyansa ta tashi. Kafaɗarsa ta hagu ta fara motsi ita kaɗai, tana bin kiɗan.

Ta sunkuci tukunyar miya daga kan murhu da tsumma, ta danƙa masa a hannu biyu. "Riƙe! Tashi tsaye ka riƙe. In ka zubar mini da ɗigo ɗaya, ka bar gidana yau." Ta ɗaga murya don na kusa su ji. "Masassara tun jiya, an ce ya sha magani ya ƙi. Dubi yadda shi ke kaɗuwa, ragon banza!"

Ya riƙe. Miya na tafasa, tana lilo a bakin tukunya. Zufa ta wanke masa fuska. Ta san ba zai kai ƙarshen kiɗan ba.

Al'adar filin kuwa ita ce, in an kira gwani bai fito ba, ba a sauke masa kiɗa sai wani nasa ya shigo ya amsa a madadinsa cewa ya janye. In ba haka ba, a yi ta yi har rana ta faɗi. A duk Illela, mutum ɗaya aka sani na Maharazu.

Ta ɗaure zanenta, ta ratsa maza ta shiga tsakiyar fili. Tsohuwa ce gajera, hannunta duk tuwo.

"Idi, sauke."

Idi ya rage hannu amma bai tsaya ba. "Inna, kin san ƙa'ida. Sai kin faɗa."

"Ya janye."

"Ba mu ji ba!" Muryar Mukhtari ce daga cikin taro. "Don mi ya janye? Shekara uku kina cika muna kunne. Faɗi dalili!"

Jama'a suka ɗauka. "Dalili! Dalili!"

Ta waiwaya. Ta hango tukunyar tana karkacewa, miya ta fara zuba a kan yatsunsa, ƙafarsa ta hagu ta riga ta yi gaba taku ɗaya. Baƙon kuma ya fara juyowa wajen rumfar.

"Tsoro ya ji!" Ta faɗa da iyakar muryarta, har ta sa baƙon ya juyo gare ta. "Maharazu tsoron Attahiru ya ji, shi ya sa ya gudu. Ya yi arewa, ya bi Azbinawa, ba ya dawowa. Ni Ramatu na yi ƙarya shekara uku. Babu kamar Shagon Illela. Kun ji, ko in ƙara?"

Kalangu ya mutu a hannun Idi. Sai ihu. Aka ɗaga Attahiru sama, aka juya kiɗa zuwa takensa. Mukhtari har da rawa, yana watsa wa mutane goro kyauta, abin da bai taɓa yi ba tun da aka san shi. Baƙon ya tsaya ɗan lokaci, ya dubi tsohuwar da ake yi wa dariya, ya tofar da yawu, ya kama hanyar Ƙonni. Can sai ga wasu biyu sun taso daga hanyar Garu sun bi bayansa.

Da ta koma rumfa, Maharazu na nan tsaye da tukunya. Ta karɓa ta ajiye. Yatsunsa sun yi ja, sun fara tashi. Ta jawo ƙwaryar ruwa ta tsoma masa hannu.

"Da wani ya faɗa, Inna, da ban ji zafi ba," ya ce a hankali.

"Na sani."

"Gobe zai kai Ƙonni. Jibi Madawa. Uwata za ta ji."

"Za ta ji kana da rai," in ji ta, ta juya tana kankare tukunyar da ba ta buƙatar kankara.

Rana ta yi ja, mutane sun fara watsewa, sai ga Attahiru shi kaɗai, an kwance masa zare, sabuwar riga a kafaɗa. Ya zauna a kan turmi. Ya ce a zuba masa ruwa ya wanke hannu. Maharazu ya kawo buta, yana zubawa da dama. Attahiru ya miƙa hannu ya kama damtsensa na hagu ta saman riga, ya latsa daidai inda tsagar take. Suka dubi juna.

"Tun ran da ka zo na gane ka," in ji Attahiru, murya ƙasa ƙasa. "Mai faskare bai tsayuwa da ƙafa ɗaya gaba." Ya sauke rigar daga kafaɗarsa ya ajiye a kan itace kamar tsumma. "Wagga ba tawa ba ce, ban buge kowa ba. Ka ci abinci, kada ka rame. Yaƙi na ƙarewa wata rana, ni kuwa ina nan."

Inna Ramatu ta matso, ta sunkuya kamar mai gyara wuta. "Turmi na biyu," ta ce cikin raɗa. "Ko na uku ba ka gani."

Attahiru ya yi dariya. "Ɗaga murya mana, Inna. Ban ji ba."

Ta buɗe baki. Sai ta hango Mukhtari tafe da mahauta huɗu, tun daga nesa yana kiran sunanta, haƙora duk a waje. Ta rufe bakin. Ta ɗauki mara, ta jawo akushi.

"Malmala nawa za a zuba wa Shago?"