Kwashe Mutanen Tungar Baure

Sau uku Muhtari direba ya yi sawu ran nan, yana kwashe mutanen Tungar Baure zuwa Moriki, bayan 'yan bindiga sun aiko cewa a tashi kafin Juma'a. Sawu na huɗu na mutum ɗaya ne: Alhaji Labbo, kansilan mazaɓar, wanda ya ƙi komawa Gusau yadda takwarorinsa suka yi. Tun ranar da aka zaɓe shi ya rantse a gaban jama'a cewa in garin zai tashi, shi ne na ƙarshen fita.

Muhtari ya iso da azahar. Ko kukan kaza babu. Ya iske Alhaji zaune a rumfar da yake jin koke-koke, tabarmi biyar a shimfiɗe gabansa, ba kowa a kai.

"Ranka shi daɗe, kowa ya isa lafiya. Mu tafi."

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Kunnensa na karkace wajen tabarmar tsakiya, yana gyaɗa kai.

"Na ji, Malam Abbati," ya ce. "Amma wa za ka zauna wa?"

Da hannunsa Muhtari ya ɗauki gawar Malam Abbati bara, daga gonar gero.

"Alhaji, da wa kake magana?"

"Da sauran mutanena. Su ma sun zaɓe ni. Jira ni a mota."

Muhtari ya zauna yana jan carbi. Sau biyu ya kai hannu ga makulli, ya fasa. Yana jin muryar Alhaji tana lallashi, ta yi shiru, ta sake ɗauka.

Gab da la'asar Alhaji ya taso, zufa ta jiƙe rigarsa.

"Sun yarda. Buɗe musu baya."

Muhtari ya sauke ƙofar bayan motar ya koma gefe. Motar ta yi ƙara ta sunkuya kaɗan. Ta ƙara sunkuyawa. Haka ta yi ta yi, har tayoyin baya suka lotsa kamar ranar kasuwar hatsi. Sannan Alhaji ya naɗe tabarmi ya shiga gaba.

"Ka bi a hankali, akwai tsofaffi."

Da giya ta biyu suka yi tafiyar. Muhtari bai dubi madubi ba ko sau ɗaya.

A makarantar firamaren da aka sauke mutane a Moriki, Alhaji ya tsaya bakin motar yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, motar tana ɗagowa. Da ya kira wani suna, wata tsohuwa, Suwaiba, ta rufe baki da mayafi. Sai ta ja ƙullin kayanta, ta matsa can ƙarshen tabarmar da take kai, ta bar wa mai sunan wurin zama.