Taurarin Baba Kafin Ranar Alhamis

Likita bai yi kwana-kwana ba. Idon Baba na hagu ya riga ya tafi, in ji shi. Na dama ne za a yi wa aiki ranar Alhamis mai zuwa, kuma aikin yana iya tsayar da ciwon, yana kuma iya tafiya da ɗan ganin da ya rage. 'Yarsa Auta ta fi shekara goma tana aiki a wannan asibitin, ita ce mai ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji a hawa na biyu, don haka ta san irin muryar da likitoci ke yi idan ba su da tabbas. Irinta ta ji a bakinsa.

Sai da suka shiga mota, danja ta tsayar da su, sannan Baba ya yi magana. Tsohon safiyo ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙen na'urar awon ƙasa, da ya yi ritaya kuma ya sayi madubin hangen taurari ya kafa a saman bene.

"Shekara uku ke nan rabona da ita," ya ce, kamar da gilashin mota yake magana.

Auta ta san wa yake nufi. Wani gungun taurari ne can nesa, irin wanda masana ke kira galaksi, mai kama da faranti da aka hango ta gefe, da baƙin layi ya ratsa tsakiyarsa. Tun suna yara yake hana su sakat da shi. Yanzu in ya sa ido a madubin, duhu kawai yake gani.

Ranar Asabar ta tafi shagon masu kyamara da ke bayan tashar jirgin ƙasa, bayan ta kwashe kwana biyu tana karance-karance har kanta ya ɗauki zafi. Abin da ta gano shi ne ana cire gilashin leƙawa, a sa ƙaramar kyamara a gurbinsa. Kyamarar ta riƙa ɗaukar hoto duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, wata manhaja kuma tana ɗora su ɗaya kan ɗaya nan take, hasken yana taruwa har abin ya fito a allo mutum na zaune yana kallo.

Mai shagon, wani dogo mai tabarau rataye a wuya, ya ajiye mata kwalaye biyu a kan kanta.

"Wannan mai kala ce, Malama. Tana da manhajarta a waya, ko makaho zai iya..." Ya ga fuskarta, ya haɗiye sauran. "Ki yi haƙuri, bakina ne. Ina nufin ba ta da wuya. Wannan kuma baƙi da fari take ɗauka, amma ta fi kwasar haske, ta fi saurin fito da abu. Sai dai kwamfuta take so, manhajar da ke tafiya da ita kuwa akwai taurin kai. Sai an zauna an koya."

"In na gwada ɗaya ba ta yi ba fa?"

"In an yage ledar, ta zama taki."

Ta fita bakin shago ta kira Yaya, babban wansu, wanda ke aiki a wani gari.

"Ɗauki mai kalar mana," ya ce, ana ta hayaniya a bayansa. "Mutum zai yi kallon da wataƙila shi ne na ƙarshe, ki ba shi baƙi da fari kamar talabijin ɗin kakanmu?"

"Yaya, kar ka ƙara cewa na ƙarshe."

"To Allah ya ba ki haƙuri. Amma kwana nawa gare ki? Biyar. Yaushe za ki koyi abin da mai shagon ma ya ce yana da taurin kai?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mata zafi. Ta koma ciki ta tsaya kan kwalayen, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan. Sai ta tuna safiyar jiya, da Baba ya kasa bambanta jar ƙwayar magani da mai ruwan ƙasa, amma ya hango farin kofi a kan baƙin tebur daga bakin ƙofa. Ba kala idonsa ke nema ba. Allon waya kuma ina zai ishe shi? Kwamfuta ce za a iya jona wa babbar talabijin ɗin falo.

"Ba ni baƙi da farin," ta ce. Tun kafin ta kai mota ta fara jin ta yi wauta.

Lahadi ta ƙare a girka manhaja da neman wayar da za ta haɗa kwamfuta da talabijin. Ranar Litinin bayan faɗuwar rana, ita da maƙwabcinsu mai gyaran firiji suka ciccibi talabijin ɗin zuwa saman bene, suka ɗora a kan teburin guga. Ba ta gaya wa Baba ba, so take sai abin ya yi tukuna. Ta kunna injin da ke juya madubin yana bin tafiyar sama, ta latsa lambar da Baba ya rubuta da babban baƙi a jikin bututun tun shekarun baya, madubin ya yi gurnani ya juya ya tsaya. Ta danna a fara.

Manhajar tana da layi biyu a ƙasa, na hotunan da ta karɓa da na waɗanda ta ƙi. Na ƙi ya tashi: ɗaya, biyu, bakwai, ashirin. Na karɓa yana nan a sifili. Wani jan rubutu ya fito cewa babu isassun taurarin da za a daidaita hotunan da su. Ta ɗaga kai, ga taurari nan fal a sama. Ta ƙara tsawon ɗauka, ta rage, ta kashe ta kunna, ta cire waya ta hura ta mayar. A allo ba komai sai wasu manyan zobba masu dishi-dishi. Da Baba ya ƙwala mata kira daga ƙasa cewa lokacin ɗiga masa magani ya yi, ta sauko tana ɗiga masa hankalinta na kan bene, har ɗigo biyu suka zube a kumatunsa.

"Me kike yi a sama haka?"

"Shanya nake kwashewa."

"Da talabijin?"

Ta rufe kwalbar maganin ta koma sama.

Talata hadari ya rufe sama ruf. Ta yini a wurin aiki tana leƙa taga tsakanin majinyaci da majinyaci, har ta ɗauki hoton ƙafar dama ta wani bawan Allah alhali ta hagu ce ta karye, sai da aka sake. Da yamma ta kira mai shago, wayarsa a kashe. Ta buɗe hoton kyamara mai kalar a waya ta zuba masa ido, tana jin muryar Yaya a kunnenta. Da yanzu an wuce wurin.

Laraba gari ya washe. Takardar asibiti ta ce gobe Alhamis ƙarfe shida na safe za su kasance a can. Ƙarfe takwas saura na dare tana durƙushe gaban kwamfuta, layin ƙi ya kai arba'in, sai ta ji takun sanda a matakala. Baba ne, yana lalube da bango.

"Baba, za ka faɗi!"

"Benen da na fi shekara talatin ina hawa? Ba ni kujera. Ki daina ɓoye-ɓoye, maƙwabci ya gaya mini komai tun jiya."

Ta zaunar da shi, sai kawai hawaye suka ƙwace mata. Ta gaya masa duka, da kyamarar da ta zaɓa, da wadda ta bari, da manhajar da ta rantse babu taurari.

"Bar kukan. Me kike gani a allon? Faɗa mini daidai."

"Wasu zobba ne, manya, da rami a tsakiya."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Su ne taurarin naki. Ba a saita ba ne. Murɗa dunƙulen saitin da ke gefen dama, ki yo waje."

Ta murɗa. Zobban suka ɗan tsuke, sai dunƙulen ya cije.

"Ya ƙare, Baba. Ba ya gaba."

Ya miƙe, ya miƙa hannu, ya bi bututun da tafinsa har ya kai kan kyamarar. Yatsunsa suka sami ɗan sukurun da ke riƙe da ita ba tare da neman taimakon ido ba. Ya sassauta, ya zaro ta waje kamar faɗin ɗan yatsa, ya ɗaure.

"Yanzu koma ciki a hankali. A hankali na ce, ba famfo kike rufewa ba."

Zobban suka yi ta tsukewa, suka yi ta tsukewa, har suka zama ɗige-ɗige masu kaifi kamar kan allura. Auta ta danna a fara, ta riƙe numfashi. Daƙiƙa goma. Layin karɓa ya nuna ɗaya. Sannan biyu.

A tsakiyar talabijin wani hazo-hazo ya bayyana, yana ta tsatsa kamar hoton da bai wanku ba. Da hotuna suka kai goma sha biyar tsatsar ta kwanta, farantin ya miƙe dogo. Ta jawo kujerar Baba har gwiwarsa na taɓa teburin. Ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya karkata kai yana nema da gefen mai ran.

"Ina ganin haske a tsakiya," ya ce. "Shi ke nan."

"Layin fa?"

"Babu."

Ita ga shi tana gani raɗau. Sai ta lura da wasu 'yan maɓallan ja-da-baya a gefen manhajar, na ƙara baƙi da ƙara fari, irin dai waɗanda take ja kullum a wurin aiki idan tana son tsagewar ƙashi ta fito wa likita. Ta ja baƙin har sararin ya koma kamar gawayi, ta ɗaga farin, ta girmama hoton ya cika allon daga gefe zuwa gefe. Ya yi muni a idonta, duk laushinsa ya tafi.

Baba ya matso har hucinsa na taɓa gilashi. Ya ɗaga yatsa ya ɗora a gefen hagu, ya ja shi sannu a hankali zuwa dama, daidai kan baƙin layin, bai kauce ba.

"Ga ta nan," ya ce. "Ashe har wani ɗan lanƙwasa gare shi a nan ƙarshe. Ban taɓa ganin wannan ba, ko lokacin da idona ke da lafiya."

Suka zauna hotuna na ta taruwa, suka kai saba'in, suka kai ɗari. Shi ya fara cewa a tashi, gobe akwai sammako.

Ranar Alhamis aikin idon ya ɗauki awa biyu da rabi. Auta ta yi su a tsaye a baranda, ta ƙi zama, ta ƙi amsa kiran Yaya don ba ta da abin gaya masa. Washegari aka zo cire bandeji. Likita ya ɗaga audugar a hankali, ya goge gefen idon, ya ja baya taku ɗaya ya ɗaga hannu.

"Baba, yatsu nawa?"

Baba ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ruwa na gangarowa daga idon. Auta ta damƙe ƙarfen gado har tafinta ya yi zafi.

"Uku," ya ce. "Kuma likita, farcen nan naka yana son yanka."

Ma'aikaciyar jinya ta tuntsire da dariya. Likita ya ce ganin ba zai ƙaru ba, amma da alama abin da ya rage ya tsira, sai a ci gaba da magani a dawo bayan mako biyu. Auta ta ce to, ta ce an gode, ta fita baranda. Nan ta zauna a ƙasa, ta lalubo waya ta kira Yaya.