Jan Fenti a Kan Itace Mai Kogo

Duk shekara, da ruwan sama ya fara ɗaukewa, kamfanin katako yakan tuna cewa akwai mutane a ƙauyenmu. Sai a gyara hanyar da ta taso daga Lomié, a shafe ɗan asibitinmu da farar ƙasa, a aiko mana Parfait Zamedjo, wanda kamfani ke biya don ya riƙa yi mana murmushi. Daga nan mun san mai bincike na tafe. Turawan da ke sayen katakon ba sa saye sai da hatimin da ke cewa an sare shi ba tare da an cuci kurmi ko mutanen kurmi ba. Hatimin kuwa ba ya samuwa sai wani baƙo ya zo ya tambaye mu ko an cuce mu. Ni ne tafinta, domin ni ne na je jami'a a Yaoundé na dawo da digiri, aikin da aka ce yana bin digiri kuma bai biyo ni ba.

A waccan shekarar mace aka turo, Madam Dikongue, 'yar Douala, doguwa, ba ta da yawan fara'a. A motar kamfani ta zo. Kowa ya ga tambarin da ke jikin ƙofar motar, aka shiga rumfar taro aka zauna.

Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce rani mai zuwa kamfani zai sari ɓangaren da ke hayin rafi. Duk itacen da ƙauye ke ci da shi a can, a nuna mata. Za ta ɗauki wurinsa a na'ura, a zagaye shi da jan fenti, in kamfani ya taɓa shi ya rasa hatiminsa.

Na juya maganar. Idanu suka koma kan Gwaggo Sidonie, ƙanwar mahaifina, suka kuma bar kanta da sauri.

A wurinmu, wanda ya fara share gindin itacen moabi shi ke da 'ya'yansa, shi da zuriyarsa. Kakata ce ta share gindin wanda ke hayin rafi, ya zama na Gwaggo. Maza da yawa sai sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Da damina 'ya'yan ke zubowa, ta fasa, ta shanya, ta tatsi mai. Da man take miya, da shi take sayen sabulu da maganin ƙafarta, da shi take riƙe jikokin da aka bar mata. Mijinta ya mutu, gonar rogonta ba ta fi tsakar gida ba. Abin takaicin shi ne moabi, in ya miƙe sambal irin nata, shi ne katakon da kamfani ke mafarkinsa.

Madam ta ce za ta ba mu wuri mu yi shawara, ta tafi cin abincin rana, Parfait na biye da ita da laima.

"To, Malam Digiri," in ji Gwaggo, "kai ka ji yarensu. Me ta ce wanda ba ka faɗa mana ba?"

"Gwaggo, abin da ta ce shi na faɗa."

"Ashe ba ka ji komai ba."

Mai gari Abono ya gyara zama. Ya tuna mana da masu ƙirgan itatuwa da suka zo muna samari, suka raba gishiri da sabulu, suka ce mafarauta su nuna musu manyan itatuwa don gwamnati ta san arzikinta. Mafarauta suka nuna. Gwamnati ta san arzikinta, tireloli suka zo suka kwashe shi.

"Su ma da fenti suka zo," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, nasu shuɗi ne," na ce. "Wannan ja."

"Kai, Télesphore! Shekarun da ka yi a makaranta ashe launi ka karanto?"

Aka yi dariya, har da ni. Gaskiya ni ma ban san abin da zan yarda da shi ba. Na karanta dokokin hatimin nan, kuma a rubuce ba su da laifi. Sai dai a rubuce ƙauyenmu ma yana da famfo.

Wani ya ce kar a nuna mata komai. Mai gari ya ce a'a, in ba a nuna ba za ta koma ta ce ba mu da itace, mun yafe. Gwaggo ce ta kawo mafita. Akwai wani tsohon moabi kusa da hanya, cikinsa duk kogo, ya daina 'ya'ya tun ina yaro, jemagu ne kawai ke amfana da shi. Akwai wani kuma karkatacce da tsawa ta raba wa kai. A nuna mata waɗannan.

"In suka sare su, mun gane ta," in ji Gwaggo. "In ba su sare ba, ba mu yi asarar komai ba. Nawa kuwa, wanda bai san hanyarsa ba ba zai je ba."

Kowa ya yaba da hikimar. Har bammi aka aika a kawo.

Washegari muka shiga kurmi: Madam, da Gwaggo, da ni, da Parfait riƙe da gwangwanin fenti kamar mai kai wa surukai gaisuwa. A gindin mai kogo Gwaggo ta dafa itacen ta yi ajiyar zuciya irin ta gidan makoki.

"Ce mata uwata ce ta share gindin nan. Ce mata da shi na yi goyon ubanka."

"Gwaggo, Baba ya girme ki."

"Kai dai juya!"

Na juya abin da zai juyu. Madam ba ta kalli itacen ba, ƙasa take kallo. Ta sa ƙafa ta ture ganye, ta sake turewa.

"Ban ga ɓawo ba," ta ce. "Ban ga alamar shara ba. Yaushe rabon da ya zubar da 'ya'ya?"

"Giwaye ne," in ji Gwaggo ba tare da ƙifta ido ba. "Har ɓawon suke haɗiyewa."

Madam ta dube ta, ta dube ni, sannan ta ce wa Parfait ya koma mota ya ɗauko mata ruwa. Ya ce akwai ruwa a jakarsa. Ta ce na mota take so. Ya tafi yana waiwaye.

Da ya ɓace, ta sassauta murya. "Ka ce wa Mama, na yi wannan aikin a ƙauyuka da dama, kuma na san itacen da ake ci da shi. In akwai wani, ta nuna mini yanzu da Parfait ba ya nan. Abin da ban gani ba, ba ni da ikon kare shi."

Na juya mata kalma da kalma. Gwaggo ta daɗe tana kallon takalman Madam.

"Tambaye ta, ina ta kwana jiya?"

"A masaukin kamfani," in ji Madam.

"Wa ya zuba wa motar mai?"

"Kamfani."

"Wa ke biyanta?"

Na so Madam ta ɗan yi kwana-kwana, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Ba ta yi ba. Ta ce ofishinta ke biyanta, kamfani kuma ke biyan ofishinta kuɗin bincike, haka tsarin yake a ko'ina, amma wannan bai ba su ikon gaya mata abin da za ta rubuta ba.

"Ka ji ko?" in ji Gwaggo. "Yarinyar kirki ce, ba ta ƙarya. Ce mata Allah ya yi mata albarka. Ce mata waɗannan biyun ne ke nan."

Parfait ya dawo da ruwa yana haki. Aka zagaye mai kogo da jan fenti, aka zagaye karkatacce. Jemagu suka samu kariyar Turawa.

Rani ya zo, injunan zarto suka shiga hayin rafi. Da farko muna jin su daga nesa, daga baya sai da muka riƙa ɗaga murya a rumfa. Hanyar da suka fasa, da ta zo kusa da mai kogo, sai ta yi lanƙwasa ta kauce masa cikin ladabi, har suka kafa allo. Gwaggo ta ce wannan duk wasa ne, tana jira ta ga ƙarshensa. Amma ta daina zuwa gona, kullum tana bakin rafi tana saurare.

Ran da ta ji ƙarar ta nufi inda take tsoro, ta zo ta ja ni daga gida, muka sami Parfait a bakin sabuwar hanya.

"Ɗana," ta ce masa, "akwai itace ɗaya can ciki da na manta."

"Babban moabi na bayan dutse? Mama, ai da safe ya faɗi."

Gwaggo ta zauna a ƙasa, a kan jar laka.

"Wa ya nuna muku hanyarsa?" na tambaya.

"Haba Malam! Wane nuni? Masu ƙirganmu sun bi kurmin nan layi-layi tun kafin a ɗauke ni aiki, ba itacen da ba su sani ba. Ni kaina na yi mamaki da ba ku ambace shi ba. Na ce ƙila ba shi da mai shi."

"Ka yi mamaki, amma ba ka yi magana ba."

"Doka ta hana ni sa baki a shawararku," ya ce, ya yi mini murmushin da ake biyansa don shi.

Gungumen bai shiga tirela ɗaya ba. Mun ga wucewarsa ta tsakiyar gari, yara na bin sa da gudu. A rumfa aka yi ta muhawara har damina. Wasu suka ce da an nuna shi da yana nan tsaye. Mai gari ya ce biyun da aka yi wa fenti an bar su ne don ba su da amfani, da an nuna na Gwaggo da fentin ya ƙare a ranar, ko na'urar ta lalace. Aka tambaye ni a matsayina na mai ilimi. Na ce duka biyun na iya yiwuwa, aka ce dama an san haka zan ce.

Gwaggo ta fara sayen man ja a kanti da 'yar kwalba, ta aika babbar jikarta aikatau Lomié.

Da shekara ta zagayo aka shafe asibiti, Madam Dikongue ta dawo. Ta tambaya ko itatuwan da aka yi wa fenti suna nan. Aka ce suna nan lafiya. Ta tambaya ko kamfani ya taɓa wani abin da aka nuna mata. Aka ce bai taɓa ba. Duk gaskiya ne, na juya, ta rubuta. Sannan ta nemi Gwaggo da ido har ta same ta a bayan rumfa.

"Baɗi za su shiga ɓangaren gabas," ta ce. "Mama, akwai wani abu naki a can?"

Akwai. Ƙaramin moabi ne da Gwaggo ta fara share wa gindi bayan faɗuwar babban, bana ya soma 'ya'ya. Ni na raka ta da adda. Na sunkuya kusa da kunnenta.

"Gwaggo, wannan karon fa ki yi tunani."

"Na yi. A wace mota ta zo?"

Na leƙa waje, ko da yake na san amsar.

"Ce mata babu," in ji Gwaggo.

Na ce mata babu. Madam ta riƙe biro a sama tana kallona, ta jira. Parfait ya miƙo mata ruwa.