Tarkon Tuwo a Lambun Gari

Daren jiya mafarki ya yi gaba da ni, ni da ba mutumin mafarki ba. Shekara goma sha tara ina gadin ƙofar Lambun Gari, inda jama'a ke shan iska, birai na wawushe musu abinci. An ce yau mota za ta zo ta kwashe biran da suka yi yawa zuwa daji mai nisa. Tsorona tsohon birin nan mai ɗingishi, Gurgu, wanda nake kai wa ɗumamen tuwo kullum. A daji ba zai yi sati ba. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a ƙofar lambun, amma daga waje. Ruwa na tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, wandona sharkaf, hulata a bushe. Akuya ce zaune a kujerata, da tabarau.

"Baba, tikiti," in ji ta.

"Ni ne fa mai gadin nan."

"To ka san doka. Mutane ranar Laraba kawai, kuma ba a ba su abinci."

Ta buga hatimi a takarda, ta cinye takardar, ta ce in wuce.

Sai taro a gindin tsamiya, kunkuru ne shugaba. Wata jimina ta karanta rahoto: mutane sun yi yawa, sun cinye inuwa, gidajensu sun hayayyafa har jikin katanga. Za a rage su, a kai su wani gari inda za su sake.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a nan aka binne cibiyata."

Sai da rana ta karkata kunkuru ya amsa: "Mu ma."

Sai ga keji, ban ga lokacin da aka kafa shi ba. Ƙato ne, an shimfiɗa tabarma ciki, ga shayi mai kauri, ga rediyo. Ba wanda aka tura. Mutane na ta shiga da ƙafarsu, har suna cire takalmi a bakin ƙofa. Matsorata suka haye bishiya, suka tsira. Ni kuwa na hango Gurgu a ciki yana miƙo mini malmalar tuwo.

"Zo ka ci, Tanimu. Hannuna ne, ka san shi."

Na shiga. Ƙofa ta faɗo.

"Haba Gurgu! Ni?"

"Ba mugunta ba ce," in ji shi, hawayensa na hawa goshi. "Wanda ya saba da hannu, shi ake kamawa. In gari ya waye, da me masu motar za su kira ni cikin nasu kejin?"

Na san amsar. Ni da bakina na gaya wa ma'aikatan kwasar biran abin da ya fi so, ina ta alfahari wai biri ya san muryata.

"To yaya zan yi?"

"Ka jefe ni. Ka same ni da kyau, yadda zan yi wata guda ban sauko daga tsamiya ba."

"Ban iya ba."

"Ka iya. Mutum ne kai."

Kwararam! Murfin kwano ne ya faɗi a tsakar gida. Na buɗe ido, gari ya waye, matata Talatu na ɗura ɗumame a leda.

"Malam, ga na mutuminka."

"Mayar da shi tukunya," na ce. "Miƙo mini danƙon da nake korar shaho da shi."